Tsaga Nawa Ce a Kumatun Ba'are?

Ni na buɗe wa ƙungiyar ci gaban garinmu na Dogon Dutsi shafi a intanet, don ni kaɗai ne malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke taɓa ordinater, kwamfuta ke nan, a cikinmu. Ba a yi wata guda ba sunayen ƙarya suka cika rajistar. Ba mutane ba ne, na'urori ne masu tallar caca da maganin maza. Sai na sa tambaya a bakin shiga: "Da wane hatsi ake fura?" Duk mai jin Hausa zai rubuta gero ya wuce. Tallar ta ɗauke ɗif.

Shugabanmu, wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya yi shekara talatin a Yamai, shi ne tambayar ba ta yi wa ba. Mutum ne da ya tuna shi Ba'are ne, ɗan ƙabilar garinmu, ranar da ya yi ritaya. Ko gaisuwa sai ya haɗa da Faransanci, amma kullum maganar asali ce a bakinsa.

Ya ce, "Mushe, tambayag ga kowa na iya ta, har wanda ya zo jiya. Sa wadda ɗan ƙasa kaɗai ka sani. Tsaga nawa ce ga kumcin Ba'are?"

Na ce, "Alhaji, na'ura muka so tarewa, ba mutane ba."

Ya ce, "Duk baƙi na."

Na dubi fuskarsa sumul, ko ƙwarzanen farce babu. Raini ya cika ni har wuya. Amma sauran ƴan biro, shugabannin ƙungiyar, suka gyaɗa kai, ni kuma na zauna na rubuta masa abin da yake so.

Akwai wata ungozoma a asibiti, mutuniyar Damagaram, shekararta goma sha takwas a garin. Ita ta karɓi haihuwar ƴaƴana biyu. Ta daɗe tana so ta shiga shafin don ta riƙa neman masu ba da jini idan an kawo mai naƙuda daga Ɗan Kassari ko Matankari. Da na ga shiru, ranar kasuwa na tare ta wurin masu wake.

Na ce, "Hajiya, ko tambayar ce ta tsai da ke? Amsar biyu ce."

Ta ce, "Na sani, Malam. Ni nake share wa tsofaffinku zufa a kan tsagar nan in sun rako ƴaƴansu. Ba amsar ce ta gagare ni ba. Na gane abin da ake tambayata."

Ta ɗauki ledar wakenta ta tafi. Na koma na goge tambayar ba tare da na sanar da Alhaji ba, na aika mata saƙo cewa hanya a buɗe take. Ta amsa da godiya da gaisuwar iyali. Har shafin ya mutu ba ta yi rajista ba, kuma yanzu idan muka haɗu gaisuwar baƙo take yi mini.