Dutsen Gesine Mai Cin Wuta

Tun tana yarinya Gesine take bin bakin teku a tsibirin Usedom duk safiyar da aka kwana ana iska, tana tone ciyawar ruwa tana neman Bernstein, wato ƙaron itatuwan zamanin da wanda ya daskare kamar dutse. Shekara sittin ƴan ƙanana kawai take samu, har mutanen ƙauyen suka maida ita abin tsokana, sai ranar nan ta tsinci wani kamar dunƙulen hannu. Da gudu ta kai shi shagon burodi inda tsofaffi ke shan kofi, maƙwabcinta Hauke ya jujjuya shi ya ce, "Gindin kwalba ne, Gesine, je ki sayi tabarau."

Aka kwashe da dariya. Ta ce, "Kai ko sunan ba ka san asalinsa ba. A tsohon yarenmu ma'anar bernen ita ce ƙonewa, Stein kuma dutse. Miƙo ashanarka, sarkin sani."

Ta ɓantari ɗan gefe ta ƙyasta masa, nan take ya kama ci da wuta, ƙamshi kamar turare ya cika shagon. Hauke ya shaƙa, ya sake shaƙa, sannan ya tashi ya ba ta kujerarsa.