Malam Salmanu da Rabon Maraƙi

Shekara goma sha bakwai ke nan, duk wanda ya bi ta gefen kasuwar Safana da hantsi zai tarar Malam Salmanu ya riga ya buɗe ɗakin kwamfuta na ƙungiyar malaman ƙauye. Ba ya soma aiki da garaje. Sai ya jingine kekensa, ya gaisa da mai shayi tun daga kwanan iyali har lafiyar shuka, sannan ya shiga ya yaye tsohuwar atamfar da yake lulluɓe kwamfutar da ita, ya kunna da bismillah. Kafin ya karɓi takardar kowa abu guda yake dubawa, ɗan layin nan shuɗi mai nuna iya inda rumbun ajiyar kwamfutar ya cika. In ya ga da sauran fili, sai ya gyara zama ya ce na farko a layi ya matso.

Ɗakin ba wani ɗakin a zo a gani ba ne. Malaman firamare na Batsari da Safana ne suka haɗa kai suka sayi kwamfuta ɗaya, na'urar ɗaukar hoton takardu ɗaya, da wani ɗan janareta mai yawan tari, don rajistar yara da takardun makarantun ƙauye su samu wurin kwana. Suka damƙa wa Malam Salmanu makulli saboda a lokacin shi kaɗai ne ba ya tsoron taɓa ta.

Tun ranar farko ya kafa doka, kuma bai taɓa sassauta ta ba: kashi ɗaya cikin biyar na rumbun zai zauna babu komai. Ya ce kwamfuta ba buhu ba ce da za a danna a ɗinke baki. Tana bukatar filin da za ta juya, ta sauke wannan ta ɗauki wancan, in ka cika ta maƙil sai ta soma ja da ƙafa, daga nan ta ƙi motsi gaba ɗaya. Wasu masana, in ji shi, kan ce kashi goma ko sha biyar cikin ɗari ya isa, amma tasa tsohuwa ce, kuma ba ta da 'yar uwa. Da yake a wata ruga bayan Babban Duhu aka haife shi, sai ya laƙaba wa filin suna irin na gidansu. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa tatse saniya ƙarƙaf ba, kullum sai ta bar wa ɗan saniyar nasa. Shi ke nan filin ya zama rabon maraƙi.

Wallahi mun sha zaginsa a bayan ido, har da mai wannan rubutu. Ka zo da bidiyon bikin ƙanwarka kana roƙo a ajiye maka, kana kallon fili fetal a allo, mutumin nan ya dube ka ta saman tabarau ya ce babu wuri. Muka ce rowa ce irin ta mai shanu, ga nono yana zuba amma ba zai sam maka ba. Shi dai dariya yake yi, ya miƙa maka goro.

Waɗancan shekaru kuwa sun yi daɗi, ko da ba mu san suna da daɗi ba sai yanzu. Hedimastoci kan taso daga Karare da Darini a kan babur ba tare da sun tambayi kowa labarin hanya ba, rajista a ɗaure a baya, ga ɗan ƙullin gyaɗa na tsaraba. Ranar Asabar Malam Salmanu kan ari 'yar kyamarar da ƙungiya ta saya daga baya ya tafi ruga. A can ya ɗauki mahaifinsa, wanda suke kira Baffa, tsaye a bakin garke da sanda a kafaɗa yana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowace ta ɗago kai ta taho. Shekara huɗu yana tara irin wannan. Ya nemi izinin ƙungiya a gaban kowa ya ajiye su a folda guda mai suna Shanun Baffa, kuma ita kaɗai ce abin kansa a cikin rumbun nan.

Sai ƙasa ta juya. Ba sai na ba mutumin Batsari ko Safana labari ba. 'Yan bindiga suka kore garken Baffa a rana ɗaya, aka watse daga rugar, tsohon ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakin haya cikin gari yana kallon bango. Malam Salmanu ya sayar da babbar wayarsa ya koma 'yar ƙarama mai tocila. Sabon rumbu ya fi ƙarfin ƙungiya, wuta ta zama sai an gani, man janareta kuma sai a kwalba. A daidai lokacin ne aiki ya ninka, domin makarantun da aka rufe duk nan suke kawo takardunsu. Ya koyi matse hotuna su ƙanƙance, ya share duk abin da ya shigo sau biyu, layin nan dai bai taɓa wuce inda ya shata masa ba. Kai ne, Malam, ka riƙe sunayen yaran ƙauyuka sama da talatin a cikin akwatin ƙarfe ɗaya, a lokacin da iyayensu ma ba su san inda za su kwana gobe ba.

A daminar da ta fi kowace tsanani, zazzaɓin taifod ya kwantar da shi mako uku a Katsina. Makulli ya koma hannun Malam Badamasi, malamin lissafi, mutumin kirki wanda ba ya iya zama hannu rabbana. Ya duba allo ya ga fili zaune a banza, ya duba lungu ya ga buhunan tsofaffin rajistoci suna jiran layi, danshi yana cin su. Ya zage ya ɗauke hotonsu kaf, manya-manya yadda kowane harafi zai fito raɗau, ya mayar wa masu su takardunsu suka watsu, wani Kano, wani Jibiya, wani ba a ma san inda ya nufa ba. Layin ya koma ja, Badamasi ya ɗauka ado ne.

Ranar da Malam Salmanu ya dawo, yana tafiya yana dafa bango, ita ce ranar ƙarshe ta tura sunayen 'yan aji shida don jarrabawar shiga sakandare. Malam Daudu, hedimastan wata makaranta da aka rufe a bayan Karare, yana zaune a bakin ƙofa tun safe. Yaransa sittin da ɗaya ne, ya bi su gida-gida a inda iyayensu suka raɓe ya ɗauko hotunansu, bayanansu kuwa duk suna cikin wannan rumbu. In ba a tura yau ba sai baɗi, kuma kowa ya san a shekarun nan yaron da ya zauna shekara guda a gida da wuya ya sake ganin aji. Man da ke cikin janareta bai fi na minti arba'in ba, garin kuma babu ko ɗigo.

Aka tayar da janareta. Kwamfuta ta ɗauki minti goma kafin ta buɗe ido, ta ƙi karɓar hoto ko ɗaya, ta ce babu wuri. Badamasi ya tsaya gumi yana karyo masa, yana ta ba da haƙuri. Malam Salmanu ya zauna gaban allo. Ya bi foldoji ɗaya bayan ɗaya da ido. Rajistocin da aka ɗauka ba su sharuwa, don asalinsu ya tafi. Matse su na bukatar fili da lokaci, duka biyun babu. Malama Zulaihat, sakatariyar ƙungiya, wadda ta ba ni wannan labari, ta ce ta ga hannunsa ya tsaya a kan Shanun Baffa. Ta miƙa wayarta ta ce a kwashe a ciki. Wayar ba ta da wurin ko kashi ɗaya cikin goma, kwamfutar kuma ta nuna ko wannan ɗin sai ya ci awa biyu.

"Malam, a bari mana zuwa gobe a nemo wani abin a juye," in ji ta.

"Goben wa? Ta yaran ko tawa?" ya ce. Ya juya wajen Malam Daudu. "Malam, ka ara mini minti ɗaya cikin man nan."

Ya buɗe bidiyo guda. Hoton yana tsayawa yana tafiya saboda nauyin da ke kan kwamfutar, amma muryar ta fito sarai. Baffa yana kira, Woɗeye, Ɓaleye, Wule, ana jin ƙarar kofato da kukan 'yan maruƙa. Zulaihat ta ce ko minti ɗayan bai cika ba ya rufe. Ya share foldar da hannunsa, ya shiga kwandon shara na kwamfutar ya sake share ta a can, don ya san in ba haka ba filin ba zai dawo ba. Layin ya bar ja ya koma shuɗi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce wa Malam Daudu ya soma karanto sunaye.

Suna na sittin da ɗaya ya wuce, ba a yi minti uku ba janareta ya yi tari ya mutu. Yara hamsin da takwas suka zauna jarrabawar. Yau wasunsu suna sakandare a Dutsin-Ma da Katsina, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san da me aka saya masa kujerar da yake zaune a kai. Wannan abu yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙarshen watan nan Malam Salmanu zai miƙa makulli, idanu sun gaji. Badamasi ne zai gaje shi, kuma yanzu duk garin babu mai tsaurin ra'ayi kan barin fili kamarsa, har filashin mutane yake dubawa yana faɗa. Malam, mun gode. Kai ne ka hana mu wuri shekara da shekaru muna ƙunƙuni, ranar da wuri ya ƙare kuma ka ba da naka ba tare da ka ɗaga wa kowa murya ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Baffa, ya sa ka gama lafiya. Masu riƙe da kwamfutocin makarantu da asibitoci da ofisoshinmu, ku duba layinku tun yana shuɗi, ku bar fili, kuma duk abin da ba shi da na biyu ku nema masa wurin ajiya na biyu tun kuna da hali.

Da na je gaishe shi makon jiya na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce a'a, sai dai abu ɗaya ke damunsa. Shanun goma sha tara ne, kwanan nan in ya zauna lissafa sunayensu sha ɗaya yake samu, muryar ma ta soma yi masa nisa. Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa halartar suna ko biki a rugagen bayan Babban Duhu a shekarun zaman lafiya, ya binciki tsofaffin memorinsa kafin ya jefar. In ka ga wani dogon tsoho da sanda a kafaɗa, ko da daga nesa ne, ko da tari kawai ya yi, ka kawo shi gefen kasuwar Safana. Ɗansa yana nema.