Jakin Ruwa da Maganar Sale

A gidanmu na unguwar Djamboutou, a Garwa ta ƙasar Kamaru, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Ana idar da magariba Kaka, mahaifiyar babanmu, za ta ja kujerarta gaban murhu, ni da ƙanena Sale mu zauna a tabarma. Baba mahauci ne, don haka ba a rasa 'yar hanta da za ta ɗora a garwashi, tana juyawa tana cewa, "Ku matso, ga ta ta iso."

Akwai guda ɗaya da ba ta taɓa ba mu cikin fara'a ba. Wai wani jaki ne ya yi shekaru yana ɗebo wa gari ruwa daga kogin Binuwai. Da an cika masa tuluna sai ya juyo da sauri, don yara na jiran sha, shi kuwa sai ragowar kwano ake miƙa masa. Da ya tsufa, wata rana ya sunkuya bakin kogi zai sha. Sai ga yaran nan da suka girma da ruwansa, suka ce, "Tsoho, ja da baya, za ka gurɓata mana ruwa."

A nan Kaka ke buga itace a murhu har tartsatsi ya tashi. "Ku ji min marasa kunya! Wa ya shayar da su?"

"Kaka, to ya sha?" in ji Sale.

"Ya sha mana. Har wanka ya yi."

Mu yi ta dariya, ita ko murmushi babu.

Shekarar da na ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ciwo ya kwantar da Baba. Na ninke takardata, na ɗauki wuƙarsa na nufi mayanka. Shekara ashirin da huɗu ina fiɗa da yanka, Sale na karatu, har ya samu ofis mai sanyi. Bara na haɗa takarduna zan shiga jami'a a Maruwa in karanci shari'a. Shi na fara kai wa albishir. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Yaya, don Allah. Da furfurarka za ka zauna benci ɗaya da sa'annin 'yarka? Me mutane za su ce da ni?"

Da shi! Na kwashe takarduna. Na buɗe ƙofar na fita, don abin da ke bakina ba na faɗa wa ɗan'uwa ba ne.

Sai a motar Maruwa na gane fushin Kaka. Ita ta goyi gida guda, kuma ba na tuna ranar da wani ya tambaye ta abin da take so wa kanta. Ni ma ban taɓa tambaya ba, hantar kawai nake jira.

Yanzu yaran ajinmu "Baba" suke kira na, suna aron littafina. Sale ya kira ni sau biyu a makon nan. Ban ɗauka ba tukuna. Ina da jarrabawa ranar Litinin.