Duwatsun da Baba ya sa a but

Mahaifina direba ne, kuma har ya koma ga Ubangiji bai yarda akwai sana'ar da ta kai tuƙi ba. Ƙarfinsa duk a masaƙar Kakuri da ke Kaduna ya ƙare, yana jan babbar motar da ke kwaso auduga, ta kuma kai dilolin atamfa kudu. Muna yara, in ya dawo daga tafiya, ba a ba mu tsaraba sai mun sha karatu. Sai ya durƙusar da mu a gefen motar, ya nuna mana ƙarfen nan mai kauri da ya ratsa ƙarƙashinta ya haɗa tayar hagu da ta dama. Aksul ke nan. Na gaba, in ji shi, aikinsa kawai ya karkata tayoyi inda sitiyari ya ce. Na baya, mai wani ƙarfe kamar tulu a tsakiya, shi ne namijin, shi inji ke juyawa, shi ke tura mota. Akwai kuma na tirela, wanda ba ya turi ba ya karkatawa, kaya kawai yake ɗauka, Baba yana ce masa rago. Mu dai kai muke gyaɗawa, hankalinmu yana kan biredin da ke cikin leda.

Abokin tuƙinsa wani mutumin Binuwai ne, su biyu suke karɓa-karɓar sitiyari a doguwar hanya. Da masaƙa ta rufe muka koma unguwar Romi, shi abokin ya ci gaba da zama a tsohon gidan hayarsa, shi ya sa muke ce masa Baban Kakuri. Ƙarar inji ta cinye kunnuwansu su duka. In suka kira juna a waya, kowa ihun labarinsa yake yi, har maƙwabta su ji, su kuwa ba wanda ya ji wani. Zumuncinsu sai ido da ido: su zauna a benci ɗaya, su ɓare gyaɗa, wani lokaci har yamma ba wanda ya ce uffan.

Wata damina, bayan matar Baban Kakuri ta rasu ƙafafunsa kuma sun daina ɗaukarsa, 'ya'yansa suka yanke shawarar mayar da shi gida Binuwai gaba ɗaya. Suka yi hayar motar da za ta kwashe shi da kayansa ranar wata Asabar da safe. Kowa ya san ba zai sake dawowa Kaduna ba, Baba kuma ya wuce shekarun doguwar tafiya. Tun ranar Juma'a ya sa aka goge masa farin wandonsa na zuwa coci, ni kuma na yi alkawarin kai shi su yi sallama.

Gari na wayewa aka tsuge da ruwa. Layinmu ba kwalta, yana gangarawa cikin wani kwari sannan ya hau tudu kafin a kai titi. Motata 'yar ƙarama ce, ta hannu, irin wadda ake zuwa aiki da kasuwa. Muka gangara lafiya, amma a gindin hawan ta kafe a taɓo. Na taka mai, sai kuka take yi a wuri ɗaya.

Wallahi sai na ga fuskar Baba ta washe. Ya buɗe ƙofa ya fita cikin yayyafi kamar an kira shi aiki. Akwai wasu 'yan acaba biyu, magidanta, da suka fake a rumfar wani shago, ya yafito su.

"Ku zo, 'ya'yana. Ga duwatsu can wajen ginin nan, ku kwaso manya."

Na ɗauka a ƙarƙashin taya za a jera su. Sai na ji ya ce in buɗe but, wurin zuba kaya a bayan motar. Haka ya saba yi duk rayuwarsa: in mota ta kafe, a danne mata baya da nauyi, tayoyin da ke turi su kama ƙasa.

Na leƙo ta taga na ce, "Baba, wannan fa da gaba take ja!"

Na san haka ne don makanikena ya sha canja mini shaf ɗin gaba, ƙarfen da ke juya tayar, wanda ke ƙas-ƙas in na sha kwana. Baba ya kawo kunnensa mai ɗan dama-dama, na maimaita da ƙarfi. Ya yi dariya.

"Mamana, yaushe kika fara tuƙi? Mota daga baya take turi. Oya, ku zuba."

Mamana yake ce mini, don sunan uwarsa aka sa mini, amma ranar uwar ba ta da ta cewa. Na dubi 'yan acaban ko za su taya ni. Ɗaya ya sunkuyo da dutse a hannu ya ce a hankali, "Anti, gaskiyarki ne, amma ki bar Baba ya gwada. Ba kyau mu gyara masa a kan titi." Wai ba kyau! Uku muke da muka san gaskiya, muka taru muna loda duwatsu saboda kunyar furfura.

Bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama. Na taka mai, ta ƙara nutsewa. Baba ya ce nauyin ne bai isa ba, a ƙaro. Ana cikin haka ɗan Baban Kakuri ya kira ni, ya ce an gama lodi, direba yana ta faɗa, yana so ya bar gari kafin ruwa ya ɓata masa hanya. Na ce su roƙe shi, muna tafe. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa da wa zan yi faɗan.

Baba ya tsaya a baya ya ce in sake takawa, idonsa a kan tayoyin da ya yarda da su. Ko motsi ba su yi ba. Ya zagayo gaba a hankali, ya ɗaga mini hannu. Ina takawa tayar gaba ta juya a banza, ta watsa masa jan taɓo tun daga ƙafa har ƙirji. Bai ja da baya ba, bai kuma duba wandon ba. Ya dafa motar ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe. Ba tulu a baya, ba dogon ƙarfen da ke kai masa ƙarfin inji, sai wani siririn ƙarfe da ke riƙe da tayoyin kawai.

Da ya miƙe ya ce, ba da kowa ba, "Ashe na bayan rago ne."

Shi ya fara ciro dutse da hannunsa, kuma bai bari an karɓa ba. Da but ya koma wayam ya ce 'yan acaban su hau kan bonet a gaban motar su zauna. Taku ɗaya motar ta kama ƙasa ta haye. Muka kama hanyar Kakuri. Ni da nake cike da magana, ina ganin yadda Baba ya haɗa hannuwansa masu taɓo a cinya sai duk ta gudu. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Muka isa Kakuri muka tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, ba ko labule. Wata maƙwabciya ta fito tana gyara zani. Ta ce ba su daɗe da tashi ba. Ta ce tsohon ya sa an ajiye masa kujera a bakin ƙofa yana kallon hanya, duk motar da ta shigo layin sai ya ɗaga kai, har direba ya dame su da hon, 'ya'yansa suka ɗauke shi da kujerar suka sa a mota. Na maimaita wa Baba a kunne, amma na rage zancen kujerar.

Ba su sake ganin juna ba. Yanzu duka biyun sun tafi, kuma ba ranar da za a yi ruwan safe ban ji kewar Baba ta taso mini ba, har da taurin kan nasa.

Ranar dai bai shiga ɗakin ba. Ya taka zuwa inda motar hayar ta tsaya, ya sunkuya yana duba sawun da ta bari a taɓo, ni ina riƙe masa lema. Ya bi sawun da yatsa, ya ɗan matsa gaba ya sake dubawa.

"Mai taya goma ce," in ji shi. "Aksul biyu gare ta a baya, kuma dukansu suna turi."

Na ce to, Baba, mu tafi, ruwa yana ƙaruwa.

Bai ji ni ba. Idonsa yana kan hanyar da sawun ya bi ya fita titi. Ya ce, "Sun samo masa mota mai kyau, Mamana. Shi ba za ta kafe da shi ba."