Gidan Zanzaro a Hancin Jirgi

Haɗejiya zuwa Kano

Da asuba muka fito, ni da Baba, za mu aikin Hajji. A zamanin Turawa ne, da damina, ruwa ya shanye fadama, don haka a kwalekwale aka haye da mu daga ƙauyenmu. Baba tsohon masunci ne, ni kuwa tela. Ƙafafunsa sun fara kumburi, ya kuma san in bana ta wuce shi, baɗi ba zai iya tafiya ba.

Mun shiga babbar mota zuwa Malam Madori, muka kama jirgin ƙasa, muka sauka Kano bayan la'asar. Wani ɗan garinmu a Fagge ya sauke mu, ya kawo tuwo. Baba ya ci, ya ce miyar da ba kifi ba miya ba ce.

Filin jirgi

Namu ne jirgin ƙarshe, in ya makara an rufe filin jirgin Jidda ga alhazai. Aka auna mu, aka auna kaya, aka ɗaure mu da ɗamara a kujera. Jirgi ya ɗauki gudu har na fara salati, sai kawai ya ja birki, ya koma inda ya taso. Aka ce kowa ya sauka.

Makaniken kamfanin, wani siriri mai suna Garba, ya hau tsani ya leƙa wani ɗan bututu a hancin jirgin, kaurinsa bai fi yatsa ba. Da ya sauko ya ce yau babu tashi.

Baba ya dogara sanda ya tare shi. "Kai yaro, Arfa za ka hana ni? Ko kun ci kuɗinmu ne?"

"Baba, ku yi haƙuri, ku dubi nan."

Ya buɗe tafin hannunsa, sai ga ɗan curin laka.

"Wannan ai gidan zanzaro ne," in ji Baba.

"Shi ne. Ta bututun nan direba yake sanin gudun jirgi. Zanzaro ya toshe shi, allurar da ke nuna gudun ta ƙi motsi. Dokar kamfani ita ce in allura ta ƙi, a tsaya. Sai mun wanke, mun gwada, mun duba sauran."

Baba ya juya baya. Na tausaya masa, don na ga hawaye a gemunsa. Garba ma na tausaya masa, alhazai sun yi masa caa, har mangariba yana bisa tsani bai sa komai a baki ba.

Jidda

Washegari da hantsi muka tashi, muka sha mai a Hartum, muka sauka Jidda ana shirin rufewa. A kafaɗata Baba ya jingina ranar Arfa. Cikin addu'arsa na ji ya ce, "Da yaron nan mai tsani."

Komowa

Da muka sauka Kano, na ga an sa wa bututun kowane jirgi 'yar jar hula mai dogon zare. Ɗinkin dai ba kyau, da ni aka ba da na fi haka. Garba ya ce tun ranar nan aka kafa doka, jirgi na tsayawa a sa hula, kafin tashi a cire a nuna wa direba.

Baba ya kama hannunsa. "Na zage ka a banza, ɗana. Ka yafe mini."

"Ba komai, Alhaji. Ai kun samu Arfa."

Mun iso gida ruwa ya fara janyewa, aka tarye mu da guɗa a bakin kogi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya komo da mu. Baba bai ga wata damina ba. Har ya rasu, duk wanda ya zo masa barka sai ya ba shi labarin Garba kafin na Maka.