Ragowar Itacen Wutar Arlene

Delbert Shomin bai taɓa saƙa kwando ba a rayuwarsa, amma duk kwandon kirki da ya fita daga ƙauyensu na ƙabilar Odawa, a arewacin Michigan, da guminsa a ciki. Shi ke shiga fadamar da ke bayan gidansu ya zaɓo wisagak, baƙin itacen ash, ya ajiye masa taba a gindi kafin ya sara, ya saɓo gungumen a kafaɗa. Sai ya wuni yana dukansa da bayan gatari har zobban shekarun da ke cikin itacen su saki juna, su ɗago falle-falle. Matarsa Arlene da yayarsa Verna su kankare, su saƙa. Kakansa ne ya damƙa masa fadamar, ya ce cikin itace ashirin ɗaya ne na kwando, sauran iyayen na gobe ne, a bar su.

Magana tsada take masa. Verna kan ce da itace na amsa gaisuwa, da Delbert ya sallami 'yan Adam tuntuni.

Arlene ta rasu cikin hunturu, ƙanƙara har gwiwa. Aka kunna mata wuta a waje kamar yadda aka gada, wutar da ba a bari ta mutu sai mamaci ya cika tafiyar kwana huɗu. Ƙaninta Floyd ya taso daga wajen Detroit da a-kori-kura shaƙe da itace.

"Can wajenmu sai sare ash ake yi, wai ciwo ya kama su," in ji shi. "Kyauta na kwaso. To suruki, yau dai na yi maka rana, sai ka daina cewa ban iya komai ba sai ci."

"Sauke," in ji Delbert. Godiyar ke nan.

Da aka cika kwana huɗu, itace ya ragu da yawa. Verna ta ce a ƙone shi duka, abin da aka kawo wa wuta na wuta ne. Delbert ya ƙi. Ya kwashe shi ya jera a bakin fadama, daidai inda Arlene ke zama tana kankara, ya lulluɓe da tamfol. Kewarta ce ta hana shi, gani yake in itacen ya ƙare, ita ma ta ƙare.

A shekara ta uku ya lura kawunan itatuwa sun fara sanƙo, tsuntsaye kuma sun dame su da sara. Ya kayar da guda, ya ɓare ɓawon, ya tarar da hanyoyin tsutsa sun murɗe ko'ina. Ya daki gungumen, fallen farko ya karye masa a hannu.

Marcy, 'yar amininsa da ke aikin daji a ofishin ƙabila, ta zo da wani ƙwaro kore shar a kwalba, bai kai tsawon farce ba. Ta ce tsutsarsa ke cin itacen ta ƙarƙashin ɓawo har ruwa ya kasa hawa sama. Ta ce shi kansa ba ya tashi da nisa, mutane ne ke kai shi gari-gari cikin itacen wuta. Tana cikin maganar idonta ya faɗa kan tamfol. Ta ɗaga. Kowane guntu cike da ƙananan ramuka masu siffar rabin wata, inda ƙwaron ya fice. Ta mayar da tamfol ɗin a hankali.

"Baba, ko babu wannan da ya iso," in ji ta. "Da ƙyar fadamar ta ƙara shekara goma."

"Shekara goma," in ji Delbert. "Kin san kwando nawa ke nan?"

Ranar ya ƙone itacen Arlene, amma ihu ne bayan hari.

Duk abin da Marcy ta ce ya yi. Suka yi wa itace shida allurar maganin ƙwaro, don ba a yi wa fadama guda allura. Ya tara iri buhu-buhu aka kai ajiya ɗakin sanyi. Gumaguman da ƙwaro bai ɓata ba ya ɗaure su da sarƙa ya nutsar a kogi don kada su lalace, Verna ta riƙa cirowa ɗaya-ɗaya kamar mai tsimin magani. Duk da haka, kafin shekara takwas fadamar ta zama sanduna tsaye, rana na shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Delbert ya kan zauna a wurin Arlene ya yi kuka, bai kuma ɓoye wa kowa ba.

Wata bazara Floyd ya kawo ziyara, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya ya dubi fadamar.

"Kai, suruki, me ya cinye muku daji haka? Ko kai ne da gatarin nan naka?"

Verna ta buɗe baki. Delbert ya riga ta.

"Ƙwaro ne. Ko'ina ya je. Taho ka ci kifi, na san shi ya kawo ka."

Floyd ya yi dariya, ya ci ya yi nak, ya koma gida bai san komai ba. Da motarsa ta ɓace, Delbert ya ɗauki zarto ya nufi matattun itatuwan. Verna ta tambaye shi me zai yi da itace cikin wannan zafi.

"Na wutata ne, Yaya," in ji shi. "In lokacin ya zo, ki ce kada kowa ya kawo ko tsinke. Akwai isasshe a gida. Kuma ki tsaya a kai har ya ƙone duka."