Man Kanumfari a Tankin Tarwaɗa

Da maigidana ya yi ritaya, sai ya gina tankin siminti a bayan gidanmu na Ƙofar Guga ya zuba tarwaɗa. Na yi masa tsiya son raina. Mutumin da ko kwanon da ya ci tuwo ba ya kawarwa, wai shi ne da wankin tanki! Amma na ga ya daina zaman jugum a zaure, har ƙiba ya yi, sai na kama bakina.

Da zafi ya tsananta, cuta ta shiga kifayen. Gyambo ja a jikinsu, gashin bakinsu yana zagwanyewa. Ya sayo maganin da masu kiwo ke sawa, ya canza wani, kullum da safe sai ya kwashe matattu a bokiti.

'Yarmu tana jami'a, bincikenta na kammala karatu a kan man tsirrai ne. Ta taɓa nuna mana hoto a waya: ɗigon man kanumfari a faranti, ƙwayoyin cutar kifi sun mutu kewaye da shi. Uban bai manta ba. Ya kira ta.

“Baba, a faranti ne fa, ban gwada a tanki ba,” in ji ta. “In dai za ka sa, ɗan kaɗan, a cikin abincinsu.”

To, kifin da ke ciwo ba ya cin abinci. Ya watsa, ya watsa, ko kallo ba su yi ba. Ina tsaye ya buɗe kwalbar man kanumfarin da ya samo a Babbar Kasuwa ya tuttule a ruwan. Ban hana shi ba, don ni ma ban san abin da ya fi ba.

Jim kaɗan suka daina birgima, suka yi luf.

“Hajiya, zo ki gani! Sun samu sauƙi!”

Rabon da in ga haƙoransa tun farkon cutar. Ya sake kiranta yana murna, ni kuwa daga inda nake ina jin ihunta.

“Barci yake sa su, Baba! In ya yi yawa ba su tashi! Canza ruwan yanzu!”

Babu wuta, balle injin rijiya ya tashi. Famfo a bushe. Na juye randa, na juye tulu, har ruwan buta, ina kuka ina zagin kifin da ni kaina. A tanki irin wannan ko alama ruwan bai nuna ba. Muka zauna a bakinsa, ƙamshi ya cika gida, suna kifewa ɗaya bayan ɗaya.

Bai ga laifin kowa ba. Ya dai koma zaure. Ran nan na dama kunu da kayan ƙamshi yadda na saba, ya kai kofin baki, ya ajiye a hankali.

“Hajiya, mi kika sa a ciki?”

Tun daga ranar ban ƙara sayen kanumfari ba.